Su Wa Suka Fara Fita da Bishara? Tambayoyi a kan Barnaba da Bulus

Daga ina aka fara tura masu wa'azi?

Daga Antakiya, wadda a yau take cikin Turkiyya. Bayan an jejjefe Istifanas, wani mai bin Yesu, a Urushalima, mabiya Yesu suka watse, waɗansu suka yada zango a can, suka soma yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi. A garin ne aka fara kiransu Kirista. Ikilisiyar garin ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, hannu, ta sallame su zuwa tsibirin Kubrus.

Ba Bulus ne jagora ba?

Da farko dai ba shi ba ne, kuma a ganina ba a ba Barnaba haƙƙinsa. Sunansa na yanka Yusufu, Balawi ne haifaffen Kubrus, wanda ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni. Da Shawulu, wato Bulus, ya tuba ya zo Urushalima, kowa ya ja baya, don jiya-jiya shi ne mai farautar masu bi gida-gida. Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, ya tsaya masa. Daga baya ya bi shi har Tarsus ya ɗauko shi, suka shekara suna koyarwa tare a Antakiya. Bulus ya fi baki da alƙalami, shi ya sa sunansa ya fi tashi.

Me ya raba su?

Markus, ɗan'uwan Barnaba. Ya bar su a Bamfiliya a tafiyar farko, Bulus ya ce ba zai sake ɗaukarsa ba. Gardama ta yi zafi. Barnaba ya koma Kubrus da Markus, Bulus ya zaɓi Sila.

Wace matsala ce ta fi tada ƙura?

Kaciya. Sai wanda ba Bayahude ba ya yi ta kafin a karɓe shi? Wajen shekara ta 49 aka zauna a Urushalima da Bitrus da Yakubu, manyan ikilisiya, aka yanke cewa ba dole ba ne.

Da me suke cin abinci?

Bulus da guminsa yake ci. A Koranti ya sauka gidan Akila da matarsa Bilkisu, suna ɗinka tanti tare, ran Asabar ya shiga majami'ar Yahudawa ya yi wa'azi. Shekara ɗaya da wata shida ya yi a can, har aka gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo, wanda wani rubutu a jikin dutse a Delfi ya nuna yana mulkin Akaya, lardin da Koranti take ciki, wajen shekara ta 51.