"Ba haka na ce ba": Waiwaye kan yadda aka daina amincewa da hirar 'yan jarida

Duk wanda ya taɓa aikin ɗauko rahoto ya san wannan roƙon. Ka miƙa wa mutum rikoda, sai ya ɗan ja baya ya ce, "Don Allah ka sa yadda na faɗa." Manyan 'yan siyasa kuwa sun daina roƙo. Yaronsu ne zai tsaya a gefe da waya yana naɗar hirar tun daga sallama har bankwana, saboda gobe. Wannan ɗari-ɗarin ya daɗe, kusan tare aka haife shi da ita kanta hirar jarida.

A shekarar 1859 Horace Greeley, mai jaridar New York Tribune, ya je birnin Salt Lake ya zauna da Brigham Young, shugaban mabiya ɗariƙar Mormon, ya buga tattaunawarsu a tsarin tambaya da amsa. Ana lissafa ta cikin hirarrakin farko a tarihin aikin jarida. Abin da ya burge ni game da Greeley shi ne ya gaya wa masu karatu cewa zaman ya kai kusan awa biyu, kuma abin da ya rubuta shi ne iya abin da ya iya tunawa. A zamanin babu na'urar naɗar murya, sai alƙalami da ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya san da haka, ya kuma yi wa ɗan jarida uzuri.

Da rikoda ta zo, ya kamata a ce gardama ta ƙare. Sai ga shari'ar Jeffrey Masson da 'yar jarida Janet Malcolm a Amurka. Masson masanin halayyar ɗan Adam ne da aka sallama daga cibiyar adana takardun Sigmund Freud, shahararren likitan tunanin ɗan Adam. Malcolm ta yi hira da shi ta fiye da awa 40 a kaset, ta buga dogon labari a mujallar New Yorker a 1983. Masson ya karanta ya ga an sa wasu kalamai cikin alamar zance an jingina masa, kalaman da suka nuna shi a matsayin mai girman kai da fankama, ya ce bai taɓa furta su ba. Aka saurari kaset-kaset ɗin, ba a sami wasu daga cikinsu ba. Malcolm ta ce a takarda ta rubuta su lokacin da ba ta naɗa. An kuma gano cewa ta tattaro maganganun da ya yi a lokuta daban-daban ta jera su kamar duk a zama ɗaya ya yi su, wajen cin abincin rana a wani gidan abinci da ke Berkeley.

Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke hukunci a 1991. Kotun ta ce canza kalmomin mutum da gangan bai isa a kama ɗan jarida da laifin ɓata suna ba, sai in canjin ya taɓa ma'anar abin da aka faɗa. Daga bisani, a 1994, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Malcolm. Ni a ganina hukuncin kotun yana da ma'ana, domin babu mai magana tsaf kamar rubutu. Kowa yana in'ina, yana maimaici, yana fara jimla ya bar ta. Dole a gyara. Sai dai hukuncin ya bar wata ƙofa a buɗe: wa zai auna ko ma'ana ta canza? Wanda ya riƙe almakashin, shi ne kuma ya riƙe kaset ɗin a aljihun teburinsa.

Akwai waɗanda suka wuce gyara suka shiga ƙage tsagwaronsa. A 2011 aka bankaɗo cewa Johann Hari na jaridar Independent a Ingila yana ɗebo kalaman mutane daga rubuce-rubucensu ya cusa cikin hira kamar a gabansa suka faɗa. A 2018 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta fito da kanta ta ce tauraron wakilinta, Claas Relotius, ya daɗe yana ƙirƙirar mutane da zantuka. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma in asiri ya tonu korarsu ake yi. Ɓarnar da ta fi cin rai ita ce ta yau da kullum, wadda babu wanda ake kora a kanta: a ɗauki rabin amsa, a jefar da sharaɗin da mai magana ya gindaya, a ɗora kanun labari da kalmar da bai yi amfani da ita ba.

Mu ma nan mun ga irinta. A watan Afrilun 2018, a wani taron 'yan kasuwa na ƙasashen Commonwealth a Landan, an yi wa Shugaba Muhammadu Buhari tambaya, cikin amsarsa ya ce da yawa daga matasan Najeriya ba su yi makaranta ba, kuma suna ganin tunda ƙasar tana da man fetur sai su zauna ba aikin komai a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe ko'ina cewa ya kira matasan ƙasar malalata. Fadar shugaban ta ce bai furta wannan kalmar ba, kuma bai yi jam'u ba. Gaskiya ne bai furta ba. Masu sukarsa suka ce ai abin da zancen yake nufi ke nan. Kowane ɓangare ya riƙe rabinsa, aka yi ta ja har kakar zaɓen 2019.

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. "An juya min magana" ta zama mafakar duk ɗan siyasar da bakinsa ya suɓuce. Zai faɗi abu ƙarara, in ya ga ƙura ta tashi sai mai magana da yawunsa ya fitar da sanarwa cewa an yi wa maigida mummunar fahimta. Wakilin da ya yi aikinsa da gaskiya shi ake bari da kunya, wani lokaci har da barazana. Amma me ya sa jama'a suke saurin yarda da musun? Saboda sun sha ganin inda musun ya tabbata.

Cibiyar Gallup ta daɗe tana tambayar Amurkawa ko sun amince kafofin yaɗa labarai suna kawo labari cikakke kuma daidai. A 1976 kashi 72 cikin 100 suka ce sun amince. A 2024 adadin ya dawo kashi 31. Rarrabuwar kan siyasa da zuwan intanet suna da kaso babba a wannan faɗuwa, amma abubuwa biyu da suka faru a watan Oktoban 2024 sun nuna yadda almakashi yake ƙara wa wutar fetur.

Na farko, shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS ya yi hira da 'yar takara Kamala Harris ana dab da zaɓen shugaban ƙasar Amurka. An yi mata tambaya kan Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu. Sai aka nuna wani yanki na amsarta a wani shirin na CBS mai suna Face the Nation, washegari aka nuna wani yankin daban a 60 Minutes, alhali tambayar ɗaya ce. CBS ta ce taƙaitawa ce irin ta kullum, amma ta ƙi sakin cikakkiyar hirar har sai a watan Fabrairun 2025, bayan hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta nema. Da aka duba, duka yankunan biyu daga amsa ɗaya suka fito. Da tun ranar farko aka saki faifan, da wataƙila zancen ya mutu a nan. Watanni huɗun da aka yi ana ɓoyo su suka ba zargi ƙarfi. Abokin takararta Donald Trump ya kai CBS ƙara, kuma a watan Yulin 2025 kamfanin Paramount mai mallakar CBS ya amince ya biya dala miliyan 16 a sasanta, duk da lauyoyi da dama suna ganin ƙarar ba ta da tushe.

Na biyu ya fi muni, ko da yake jawabi ne ba hira ba. Shirin Panorama na BBC ya ɗauko sassa biyu na jawabin da Trump ya yi ranar 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayansa suka kutsa majalisar dokokin Amurka, waɗanda ke da tazarar fiye da minti 50, ya manne su kamar numfashi ɗaya, har ya zama tamkar ya ce wa magoya bayansa su tafi majalisa su yi faɗa. Aka tsallake inda ya ce a yi zanga-zangar cikin lumana. Shekara guda aka yi kafin maganar ta fashe. A watan Nuwamban 2025 babban daraktan BBC Tim Davie da shugabar sashen labarai Deborah Turness suka yi murabus, gidan ya ba da haƙuri.

Yanzu an fara sauya salo. Cikin sasancin Paramount akwai alƙawarin cewa 60 Minutes zai riƙa sakin rubutacciyar hirar da ya yi da 'yan takarar shugaban ƙasa bayan an watsa ta. Face the Nation kuma ya ce zai riƙa sa hira kai tsaye ko yadda aka naɗe ta ba yanka. Wannan ma da nasa tsadar, domin baƙon da ya iya surutu zai cinye lokacin da kewaye-kewaye, ko ya shirga ƙarya ta fita yadda take kafin a tantance. Sannan ko gidan rediyo ya ɗora cikakkiyar hira ta rabin awa a Facebook, ba a daɗewa wani zai yanko daƙiƙa 30 ya watsa a WhatsApp da TikTok, kuma guntun ne mafi yawan mutane za su gani.