Tambayoyi da Amsoshi Kan Darussan Talla da Gina Shafuka a Intanet

Wane darasi ne ya fi tsada ga mai wannan aiki?

Shi ne gane bambancin abin da mutum ya mallaka da abin da aka ara masa. Mabiyan da ɗan kasuwa ya tara a dandalin sada zumunta ba a hannunsa suke ba, suna hannun kamfanin da ke da dandalin, wanda ke da ikon sauya ƙa'ida ranar da ya ga dama. A watan Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai riƙa fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai a kan na shafukan kamfanoni da kafafen yaɗa labarai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka dogara da shi sun ga masu ganin saƙonninsu sun ragu. Dandalin gajerun bidiyo na Vine ya rufe a 2017, dandalin sada zumunta na Google+ ya bi sahu a 2019. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka abu biyu ya kamata su kasance da sunan mai kasuwancin: rajistar sunan shafinsa, da jerin adireshin imel na abokan cinikin da suka ba da shi da yardarsu. Na sha ganin maginin shafi ya yi rajistar da sunansa don saukaka aiki, bayan shekaru aka rasa inda yake, mai kasuwancin ya wayi gari ba shi da iko da adireshin da jama'a suka san shi da shi. Wannan asara ce da takarda ɗaya za ta iya hanawa tun farko.

Ashe ba kyawun shafi ne ke kawo ciniki ba?

Kyau yana da amfani, amma yana bayan sauri da sauƙin fahimta. Maginin shafi yakan yi aikinsa a babbar kwamfuta mai intanet mai ƙarfi, alhali mai ziyara yana riƙe da wayar hannu, wataƙila a wurin da sabis ke yankewa, kuma ba zai tsaya jiran hoto mai nauyi ba. Tun a watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa daidai a waya, daga baya ya fitar da ma'aunin da ke neman babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. A ganina, gwada shafi a waya mai matsakaicin ƙarfi kafin a miƙa shi ya fi kowane taron tattauna launi muhimmanci, domin a nan ne ake ganin ko baƙo zai gane abin da ake sayarwa da inda zai danna.

Akwai gajeriyar hanya ta hawa saman sakamakon bincike?

An daɗe ana nema. An cika shafuka da maimaita kalma ɗaya, an sayi mahaɗai (adireshin da ake dannawa ya kai mutum wani shafi) daga shafukan banza, sai Google ya kawo wa tsarin bincikensa gyara mai suna Panda a 2011 da wani mai suna Penguin a 2012, shafukan da suka hau ta wannan hanya suka ruguzo. Abin da ya tsira shi ne rubutun da ke amsa tambayar da mutum ya shigo da ita. Duk wanda ya yi alkawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda yana sayar da abin da ba ya hannunsa.

Ta yaya ake sanin talla tana aiki?

Ta hanyar ƙidaya abin da ya shafi ciniki kai tsaye: mutum nawa suka saya, nawa suka kira, nawa aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya, kuma ribar da ya kawo ta haura wannan kuɗin ko ba ta haura ba. Yawan masu nuna sha'awa ga hoto yana faranta rai, amma ba ya biyan albashi. Idan za a gwada talla, a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, ko kanun ko hoton, domin in an sauya duka ba za a san wanda ya kawo bambanci ba. Sannan alƙaluman kansu suna da giɓi: tun da Apple ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin bin diddigin masu iPhone a 2021, wani ɓangare na masu saye ba ya bayyana a rahoton talla. Shi ya sa tambayar abokin ciniki inda ya ji labari take da amfani har yanzu.

Idan an gama shafi an miƙa shi, aiki ya ƙare?

A'a. WordPress, tsarin gina shafuka wanda ya fito a 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da shi, yana bukatar sabuntawa a kai a kai, musamman ƙananan manhajojin da ake ɗora masa, domin ta nan masu kutse suka fi shiga. Fasaha kuma tana mutuwa: an daina tallafa wa Flash, fasahar nuna bidiyo da wasanni a shafuka, a ƙarshen 2020, kuma tun Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome take nuna gargaɗi a kan shafin da ba shi da takardar tsaro mai kare bayanan masu ziyara, duk da cewa wata cibiya mai suna Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta. Kwafin ajiya ma sai an taɓa gwada dawo da shi ake sanin yana aiki.

Me ya fi haddasa saɓani tsakanin magini da mai shafi?

Rashin rubuta yarjejeniya. Kafin a fara, a rubuta yawan shafukan da za a gina, sau nawa za a yi gyara, wa zai kawo rubutu da hotuna, wa zai riƙe kalmomin sirri, da kuma wanda zai biya kuɗin sabunta rajista da na ajiye shafin idan shekara ta zagayo.