Wankewa da Shafe Kujerun Mota na Fata

Kula da kujerun mota na fata aiki ne mai ɓangare biyu: cire dauɗar da ta taru a saman fatar, sannan a shafa mata abin da zai kare ta daga zafi da gogayya. Domin haka ake sayar da ruwan wanke fata da kuma man shafe ta, wani lokaci kowanne da kwalbarsa, wani lokaci a haɗe. Wanda ya dace da mota ya dogara ne da irin fatar da aka lulluɓe kujerar da ita. A nan ne masu mota da yawa suke yin kuskure, domin fatar motar zamani ta sha bamban da fatar da aka saba gani a hannun dukawa, kuma abin da yake gyara ɗaya yana iya ɓata ɗayar.

Yadda ake sarrafa fatar mota

Kusan duk fatar da ake sa wa kujerun mota ƙirgin shanu ne. A jimar gargajiya, irin wadda majema suka gada a Kano da Sakkwato, da bagaruwa ake jeme fata, bayan an tsoma ta a ruwan toka an kankare gashin. Irin wannan fata ƙofofinta a buɗe suke, tana shan ruwa, tana shan mai, shi ya sa idan ta bushe ake shafa mata mai ta yi laushi. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme haka ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Masana'antu kuwa da gishirin kuromiyam suke jeme mafi yawan fatar duniya a yau. Wani Bajamushe, Friedrich Knapp, ya bayyana wannan hanya a 1858, sannan Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar da ta shiga kasuwa a Amurka a 1884. Jimar kuromiyam tana ƙarewa cikin kwana ɗaya ko makamancin haka, kuma fatarta ta fi jure zafi. Wasu kamfanonin mota sun koma ga jimar da babu kuromiyam a ciki, saboda matsalar gurɓataccen ruwan da masana'antu ke zubarwa. Ko ta wace hanya aka bi, bayan jima ana jujjuya fatar cikin ruwan ɗumi da aka gauraya da mai, man ya ratsa zaruruwanta ya zauna. Laushin fatar daga nan yake fitowa, tun a masana'anta.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga mai mota. Ana fesa wa fatar fenti mai launi, sannan a bi shi da wani siririn rufi marar launi na sinadarin roba, galibi foliyuritan ko akirilik. Sau da yawa ana danna mata zanen ƙwayar fata da injin don ta fito iri ɗaya. Saboda haka abin da hannu yake taɓawa a kujerar mota shi ne wannan rufin, fatar kanta tana ƙarƙashi.

Ire-irenta

Fata mai fenti da rufi ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ita ake samu a yawancin motocin Toyota, Honda, Lexus da Mercedes masu kujerun fata, har da tokumbo da ake shigowa da su. Akwai wadda aka yi wa rufi kaɗan, wadda ake kira rabin-anilin, da ake sa wa motocin alfarma saboda taushinta. Akwai kuma anilin zalla, wadda rini kawai aka yi mata ba tare da rufi ba. Ba kasafai ake samun ta a mota ba, domin tabo ba ya yi mata wuya. Kalmar Nappa da dillalai suke yawan ambata tana nufin fata mai laushi da santsi ne, kuma ita ma a mota akasari tana da rufinta.

Sai kuma abin da ya yi kama da fata alhali roba ce. Mercedes na da MB-Tex, BMW na da SensaTec, Toyota na da SofTex, Lexus na da NuLuxe. Alcantara, mai kama da fatar da aka goge ta yi gashi-gashi, haɗin zaren foliyesta ne da foliyuritan. Wani masani ɗan Japan, Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray, ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970, kuma a Italiya ake yin ta. Irin waɗannan kayan suna ƙara yawa: a 2021 Volvo ya sanar da cewa sababbin motocinsa masu amfani da lantarki zalla ba za su ɗauki fatar dabba ba. Ko a motar da aka ce kujerunta na fata ne, sau da yawa wurin zama da wurin jingina ne kawai fata, gefe da baya roba ne.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ɗiga ruwa kaɗan a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan ɗigon ya tsaya a sama kamar raɓa a kan ganye, akwai rufi. Idan ya nutse ya bar duhu, fatar a buɗe take, ko kuma rufin ya cinye a wurin. Littafin da ke zuwa da mota ma yana faɗin irin kayan da abin da kamfanin ya yarda a wanke shi da shi.

Abin da ke kashe kujera

Ana yawan ɗora laifin tsagewar kujera a kan rashin mai, amma a fata mai rufi dauɗa da gogayya ne suke fara ɓarna. Ƙura ƙananan ƙwayoyin yashi ce. Idan ta kwanta a kujera aka zauna a kai, tana cin rufin a hankali kamar yadda ake goge katako da sanfefa. Gumi da maiƙon jiki da man shafawa suna haɗuwa da ita su zama wani dafke mai ƙyalli. Sabuwar kujerar fata ba ta ƙyalli. Ƙyallin da ake gani a tsohuwar kujera ko a sitiyari dauɗa ce da aka murje. Wurin da ya fi saurin mutuwa shi ne gefen kujerar direba na wajen ƙofa, inda ake gogawa a duk shiga da fita. Da zarar rufi ya fashe, gumi ya samu hanyar shiga cikin fatar, daga nan sai tauri da tsagewa.

Yanayin ƙasar Hausa yana tsananta wannan. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana ɗauke da ƙura mai laushi da ke shiga mota ko gilashi a rufe yake, danshin iska kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A bazara zafi yana wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma cikin motar da aka ajiye a rana yana iya haura digiri 60. Irin wannan zafi yana busar da fata, yana sa ta ta takure, hasken rana kuma yana kashe launi. Da damina matsalar juyawa take yi: motar da aka rufe da danshi a ciki tana yin fumfuna, musamman idan an cika kujerun da mai.

Zaɓen ruwan wanki

Masana suna auna tsami da kaifin ruwa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7. Lemon tsami yana ƙasa, kanwa da ruwan toka suna sama. Jemammiyar fata tana da ɗan tsami, wajen 4 zuwa 5. Ruwan wankin da ya dace da ita shi ne wanda yake kusa da wannan ko kusa da 7. Sabulun wanki na sanda yakan kai 9 ko 10, garin omo ma haka ko fiye. Suna fitar da dauɗa nan take, kujera ta yi fes, shi ya sa wasu masu wankin mota suke son su, amma yawan amfani da su yana raunana rufi, kuma inda ya shiga ta ɗinki ko tsaga yana janye man da ke cikin fatar. Sabulun sirdi, wanda aka yi domin kayan doki, shi ma yana da kaifi kuma ba domin kujerar mota aka yi shi ba.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su ga kujera ko kaɗan: fetur, kananzir, tina, ruwan goge jan farce, bilic, da ruwan goge gilashi mai amoniya. Sanitaiza da turaren fesawa suna ɗauke da sinadarin alkohol, wanda ke narkar da rufi idan ya daɗe a kai. Farin soson nan na melamin, da ake tallarsa a matsayin mai goge kowane tabo, kankara yake yi. Yana tafiya da tabon tare da rufin.

A jikin kwalba ana duba abu uku: an rubuta cewa domin fatar mota ne, ruwa ne tushensa, kuma pH ɗinsa daidaitacce ne. Mai kumfa ya fi dacewa, domin kumfa tana ɗaga dauɗa ba tare da jiƙa kujera ba. Kamfanoni irin su Lexol da Meguiar's na Amurka, Autoglym na Ingila da Colourlock na Jamus suna yin irin waɗannan, amma suna kaɗai ba ya isa, tunda jabu ya yi yawa a kasuwa. Kwalbar da babu bayanin abin da ke ciki da adireshin kamfani abar zargi ce. Idan babu ko ɗaya, tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwa mai tsabta aka matse shi sosai ya fi omo aminci.

Batun mai

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. A da, lokacin da kamfanin Connolly na Landan yake ba Rolls-Royce da Jaguar fata, rufin ba shi da ƙarfi kamar na yanzu, kuma shafa mai yana cikin tsarin kula da mota. Wannan al'ada ta ɗore har bayan fatar ta canza. A fata mai cikakken rufi, mai kauri ba ya ratsawa. A sama yake kwanciya, ya kama ƙura, ya sa kujera santsi, ya ɓata farin kaya. Man kaɗe, man shanu, man gyaɗa da basilin, waɗanda wasu ke shafawa da kyakkyawar niyya, duk haka suke yi, kuma na abinci daga cikinsu suna iya yin ɗoyi a zafi. Mai sa ƙyalli na silikon, irin wanda ake fesa wa taya da dashbod, ya fi su illa, domin yana hana fenti kamawa idan an zo gyara kujerar daga baya. A sitiyari kuwa santsi haɗari ne.

Abin da fata mai rufi take buƙata shi ne siririn abin kariya mai tushen ruwa, wanda yake bushewa ba ya barin maiƙo, yana rage gogayya, yana kare launi daga hasken rana, yana kuma hana rinin tufafi kamawa. Ana gane mai kyau da cewa bayan ya bushe kujerar ba ta ƙyalli kuma hannu ba ya manne mata. Man da ke ɗauke da lanolin, wato maiƙon gashin tumaki, ko man ƙafar sa, wurinsa shi ne fatar anilin, tsofaffin motoci, da kujerar da rufinta ya riga ya tsattsage har fatar ta fara tauri. Ko a can kaɗan ake sawa, kuma yana sa launi ya yi duhu. Kujerar roba ba ta shan mai sam. Alcantara ma ba a shafa mata komai. Buroshi mai laushi da ruwan wankinta na musamman kawai.

Kwalba mai haɗa wanki da shafi tana da amfani ga kujerar da ake kula da ita a kai a kai. Ga wadda ta yi shekaru ba a taɓa ba, sai dai ta rufe dauɗar a ƙarƙashinta.

Yadda ake aikin

A inuwa ake yi, bayan kujerun sun huce. Ana fara zuƙe ƙura da inji, a bi ɗinki da lunguna, domin goge kujera da yashi a kanta karce ne. Sai a gwada ruwan wankin a ɓoyayyen wuri. Idan launi ya fito a jikin tsumma, a dakata. Ana zuba shi a buroshi mai laushi ko soso, ba a kan kujerar kai tsaye ba, a bi ɓangare ɓangare a hankali, a share kumfar da tsumma kafin ta bushe. Idan ta bushe sarai sai a shafa abin kariyar siriri, a goge rarar.

Kujeru masu ƙananan ramuka suna buƙatar ƙarin kula. A ƙarƙashinsu akwai soso, a wasu motocin har da wayoyin ɗumama kujera, fanka, da na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune. Ruwa ko mai da ya cika ramukan yana toshe su, ya bushe ya bar fararen ɗigo. Watsa wa kujera ruwa da tiyo, kamar yadda ake yi wa tabarmar ƙasa, yana iya jawo matsalar lantarki.

Goge ƙura da ɗanyen tsumma duk mako a hunturu, da cikakken wanki duk wata uku ko makamancin haka, ya wadatar ga yawancin motoci. Ajiye mota a inuwa da sa abin tare rana a gilashin gaba suna yin aikin da babu kwalbar da za ta yi. Mai son lulluɓe kujeru da riga ya duba ko akwai jakar iska, wadda ke buɗewa ta kare mutum idan an yi hatsari, a gefen kujerar, domin rigar da ba a yi ta domin haka ba tana iya hana jakar buɗewa.

Tabo da gyara

Kujeru masu hasken launi suna ɗaukar rinin tufafi: wandon jins, sabuwar shadda da aka rina, yadin baba, har da ɗanyen lalle. Idan aka goge a kwanakin farko yakan fita da ruwan wankin fata. Idan ya daɗe yana nutsewa cikin rufi. Tawadar biro ma haka take. Maiƙo a fatar da ba ta da rufi ana barbaɗa masa garin sitaci ya kwana ya tsotse shi.

Inda rufi ya riga ya cinye ko fata ta tsage, babu wanki ko mai da zai mayar da shi. Masu gyaran fata suna wanke wurin, su cire maiƙo, su cike tsagar da wani abu mai lanƙwasuwa, su fesa fenti daidai da launin kujerar, sannan su mayar da rufi. Idan tsagar ta ratsa har soso ya bayyana, mai kushin yana farke ɗinkin ya canza wannan ɓangaren kaɗai, ya bar sauran kujerar yadda take.