Dutsen tunawa da sojojin laima a Tatton Park

In ka je Tatton Park a yankin Cheshire na Ingila yau, gidan sarauta za ka gani da lambuna da barewa suna kiwo, yara na guje-guje. Can gefen wani fili akwai dutse da aka kafa don tunawa da sojojin laima, kuma wallahi da yawa wucewa suke ba su san me ya faru a wajen ba.

Abin ya faro ne a watan Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta gama da Faransa, sai Firayim Ministan Birtaniya Churchill ya ce a samar masa da sojojin laima 5,000. To a lokacin Birtaniya ba ta da ko ɗaya. Aka buɗe makarantar horo a sansanin jiragen Ringway, inda filin jirgin saman Manchesta yake yanzu, amma wajen ya yi cunkoso da jirage ba inda mutum zai diro lafiya, shi ne aka je wa mai Tatton, Lord Maurice Egerton, shi ma tsohon mai son harkar jirgi ne, ya ce ga fili nan. Ranar 13 ga Yuli aka yi dirar farko. Watan bai ƙare ba wani soja ya rasu, laimarsa ta ƙi buɗewa.

Abin da ke taɓa ni shi ne yadda suke fita. Jirgin Whitley ne, na jefa bam, aka huda rami a cikinsa ta ƙasa, ka zauna a bakin ramin ƙafafu na lilo, a ce tafi ka sulale, in ka ɗan karkata fuskarka ta daki bakin ƙarfen, hanci ya fashe ko haƙori ya fita, su da kansu suna ce wa abin kaɗa ƙararrawa. Wasu kuma daga kwandon balan-balan ake sako su, shiru ba ƙarar inji, kana jin bugun zuciyarka. Har cikin tafkin gidan an riƙa dira.

Kafin yaƙin ya ƙare mutum wajen 60,000 ne suka bi ta makarantar, har da 'yan Poland da Faransa da Norway da mata 'yan leƙen asiri da ake jefawa Faransa cikin dare, wasunsu ba su dawo ba.

Ba Tatton kaɗai ba, akwai wasu manyan gidajen a Ingila, a Hardwick Hall aka haɗa birged ɗin laima ta farko a 1941, a Stoke Rochford kuma bataliyar laima ta kwamanda John Frost ta zauna kafin yaƙin Arnhem na ƙasar Holland a 1944, duk akwai abin tunawa.

Egerton ya rasu a Kenya a 1958 ba ɗa ba jika, ya bar wa National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, gidan, shi ya sa filin bai zama gidaje ba, har yau kowa na iya takawa ya tsaya gaban dutsen.