Me ake nufi da sonatar haf?

Sonata dai kiɗa ne zalla babu waƙa, a rubuce yake, yawanci kashi uku: na farko da sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe ya sake ɗaukar zafi. Ita kuma haf ita ce wannan doguwar abar kiɗan Turawa mai tsirkiya da yawa (ta yanzu 47 gare ta) wadda ake jinginawa a kafaɗar dama ana tsinka da yatsu.

To abin da ya kamata ka gane shi ne, sonatocin haf na ƙarshen ƙarni na 18 ƙafa ce ta haife su. Wajen 1720 wani Bajamushe, Jacob Hochbrucker, ya fito da haf mai feda, kamar dai na keken ɗinki, ka taka sai tsirkiya ta gajarta murya ta ɗaga kaɗan. Kafin nan sai makaɗi ya cire hannu ya juya ƙugiya, kiɗan wannan hannun ya tsaya cak. Da feda ta kai bakwai hannu biyu suka samu 'yanci, shi ne mawallafa suka fara rubuta gudu da tsalle iri-iri, ga kuma sarauniya Marie Antoinette tana kaɗa haf, ai kuwa duk manyan gidajen Paris kowa so yake 'yarsa ta iya.

Krumpholz, ɗan ƙasar Cek, shi ne gwanin zamanin, yana rubuta sonata yana kuma zama da maƙera irin su Naderman yana faɗa musu abin da yake so a gyara. Amma fa fedar lokacin taki ɗaya take yi, don haka akwai muryoyin da ko kai waye ba za ka shiga ba, shi ya sa da yawa daga kiɗan nan suke zagaye wuri guda. Sai 1810 wani maƙerin kayan kiɗa Bafaranshe, Sébastien Érard, ya yi rajistar mai taki biyu a Landan, ita ake amfani da ita har gobe.

Yatsa takwas ake kiɗa da su, ɗan ƙaramin ba ya kaiwa, duk da Madam de Genlis, wata marubuciyar Faransa mai kaɗa haf, ta dage a sa shi, ba a bi ta ba. Abin da ke min ciwo kuma, wata shahararriyar sonatar haf da aka daɗe ana cewa ta Dussek ce, wani mawallafi ɗan ƙasar Cek, ashe matarsa Sophia ce ta rubuta, shekaru da yawa sunanta bai fito ba.