Ba kowace ƙasa ce ake kiran 911 ba

An daɗe ana cewa duk ƙasar da mutum ya je, idan hatsari ya auku, 911 zai danna. Ba mamaki, finafinan Amurka ne suka saba mana da ita. Tana aiki a Amurka da Kanada da wasu ƙasashe, amma a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ake kira, kyauta. A Ingila 999 ce, kodayake 112 ma tana shiga. A Saudiyya kuwa, motar asibiti 997 ce. Alhazai su riƙe wannan.

Kafin ka tashi, duba shafin gwamnatin ƙasar, ko ka tambayi masu masauki da zarar ka sauka. Rubuta lambar da adireshin masaukinka a takarda, domin za a tambaye ka inda kake.

Don Allah a tura wa 'yan uwa matafiya.