Ƙwarin Mushe da Amfaninsu a Binciken Mutuwa

Ƙwarin mushe su ne ƙudaje da sauran ƙwari da ke sauka kan gawar dabba ko ta mutum domin ci ko nasa ƙwai. Masu binciken laifi na amfani da su wajen ƙiyasta lokacin mutuwa, musamman bayan sa'o'i 72, sa'ad da sanyin jiki da sandarewar gawa suka daina nuna komai.

Koren ƙuda mai sheƙi, na dangin Calliphoridae, shi ke fara zuwa, sau da yawa cikin 'yan mintoci. Macen kan zuba ƙwai kamar 150 zuwa 200 a ido, hanci, baki ko bakin rauni. Saboda haka idan aka ga tsutsa ta yi dandazo a tafin hannu, ana zargin akwai sara a wurin. A yanayin zafi ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin yini guda. Tsutsar na da matakai uku, ana bambance su da tsagogin kafar numfashi da ke gindinta: biyu a mataki na biyu, uku a na uku. Idan ta ƙoshi sai ta bar mushen, ta nutse cikin ƙasa ta yi ƙwanso, inda za ta rikiɗe ta zama ƙuda. Idan nama ya ƙare, saura fata da ƙashi, sai Dermestes maculatus ya karɓi aiki, wato ƙwaron nan da ke ɓata busasshen kifi a kasuwa.

Lissafin ya rataya ne kan zafi, domin kowane jinsi na da adadin zafin da yake bukata kafin ya kai wani mataki. Ana neman tsutsar da ta fi girma, a haɗa da bayanan tashar yanayi mafi kusa, a ƙirga baya. Amsar ita ce mafi ƙarancin lokacin da ya wuce, ba ainihin sa'ar mutuwa ba, tunda gawar da aka naɗe ko aka kulle a ɗaki kan jima ƙuda bai same ta ba.

Wajen ɗibar tsutsa ake yawan ɓata aiki. Ana tsoma tsutsar a ruwa mai zafin digiri 80 ko fiye na daƙiƙa 30, sannan a adana ta a sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80. In aka jefa ta da rai cikin etanol takan ƙanƙance ta yi baƙi, awon tsawonta ya lalace. Wasu kuma a raine su kan hanta har su zama ƙuda, don tabbatar da jinsi. Wanda bai tona ƙasar gefen mushe ba, zai iya rasa ƙwanson da ya fi tsufa, lissafinsa ya gaza da kwanaki.

Cunkoson tsutsa na haifar da nasa zafin, har ya haura na iska da digiri 10 ko fiye. Hodar iblis a jikin mamaci na hanzarta girman tsutsa. A Afirka kuwa tsutsar wani ƙuda mai suna Chrysomya albiceps kan cinye na sauran jinsi, ta shafe shaidar waɗanda suka riga ta zuwa.

Tun 1247 Song Ci, wani jami'in shari'a na ƙasar Sin, ya rubuta yadda ƙudaje suka tona asirin mai kisa ta hanyar taruwa kan laujensa. A 1894 Mégnin, wani likitan dabbobi na Faransa, ya tsara jerin zuwan ƙwarin, kuma a yau ana amfani da ilimin har a shari'ar masu farautar namun daji ba bisa ƙa'ida ba.